Fitila ta Uku Ba Ta Kama Ba

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na ɗora hannuna a kan hannun Kwamanda Alfons na tura, muna dab da taɓa ƙasa a filin jirgin Bangui. A lokacin boren sojoji ne, boren da ya yi ta tashi yana kwanciya har mutane suka daina ƙirga ko na nawa ake ciki.

Sunana Hamisu, a unguwar Kilomita Biyar, cikin Bangui, aka haife ni. Kakana fatauci ya kawo shi daga Damagaram, mahaifina kuwa yana da shagon atamfa a Titin Koudoukou. A danginmu ba wanda ya taɓa yin wani aiki in ba kasuwa ba. Ni aka bari na yi lakwal, wato boko, har ƙarshe, na ci jarrabawa, aka tura ni waje na yi shekara biyu ina koyon tuƙin jirgi. Na dawo da lasisi, da akwati cike da littattafai, da awa ɗari biyu da 'yan kai a sama. Ga wanda ba ya cikin aikin, mu da awa ake auna matuƙi. Kowace tafiya ana rubuta tsawonta a littafinka. Mai awa ɗari biyu, a wurin manya, bai wuce yaro mai tatata ba.

Wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni. Jiragensa biyu ne, masu farfela biyu, kowanne yana cin mutum tara. Muna kai fasinja da magani da wasiƙu garuruwan da hanyar mota ba ta da kyau. A irin wannan jirgi mutum biyu ne a gaba. Kwamanda yana kujerar hagu, shi ne mai yanke shawara. Mataimaki yana dama, shi ke magana da rediyo, shi ke lura da mai, shi ke karanta takardar da muke kira cek-lis. Jerin abubuwa ne da ake dubawa ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi da kafin a sauka: mataimaki ya karanta da ƙarfi, kwamanda ya duba ya amsa. A makaranta an dasa mana cewa ko jirgi na cin wuta ba a tsallake layi ɗaya.

Da Kwamanda Alfons aka haɗa ni. Mutumin kudu ne, daga bakin kogi, ya haura hamsin, gajere mai faɗin ƙirji. Da kanikancin jirage ya fara, daga baya aka koya masa tuƙi, kuma ya fi shekara ashirin da biyar yana yi. Bai yi rabin karatun da na yi ba, amma ya san ƙasar nan kamar tafin hannunsa. Zai dubi launin ruwan wani rafi ya ce an yi ruwa jiya a gabas, filin da za mu sauka zai yi santsi. Zai saurari inji ya ce wa bakanike ya buɗe wuri kaza, a buɗe a tarar da abin. Cek-lis kuwa, in na karanta, wani lokaci ya amsa, wani lokaci ya yi kamar bai ji ba. Ya taɓa ce mini jirgi ba ya iya karatu. Yana kirana molenge, wato yaro da Sango, ni kuma ban taɓa ce masa komai ba sai Kwamanda. Ba mu taɓa faɗa ba, amma kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke tunani a kansa.

Ranar da abin ya faru, an yi kwanaki ba a ji harbi sosai ba, ana cewa ana sulhu. Shugaban matuƙa na kamfanin ya aiko a gaya mini akwai tafiya Berberati. Mahaifiyata ba ta so ba. Ta ce in kamfani ya matsu, mai kamfanin ya je ya tuƙa da kansa. Mahaifina ya ce tun da kasuwa ta buɗe, ai gari ya lafa, in je Allah ya tsare. Babu taksi, da ƙafa na tafi filin jirgi, na wuce shinge uku ina nuna katin aiki.

A waɗannan kwanakin man jirgi ya yi wuya. An zuba mana na zuwa da dawowa, da ɗan abin da doka ta ce a riƙe saboda tsaro. Doka kuma ta ce kowace tafiya sai an rubuta filin madadi, wato inda za a nufa in filin da aka dosa ya ƙi. Na rubuta wani filin jan ƙasa na kamfanin katako a cikin kurmin Lobaye, kudu maso yamma da birni. Ba asibiti a wurin, ba komai sai injin yankan katako da gidajen ma'aikata.

Mun isa Berberati lafiya. Fasinja bakwai muka ɗauko. A cikinsu akwai wani ma'aikacin katako da gungume ya danne wa ƙafa kwana biyu da suka wuce. An cire kujeru biyu aka shimfiɗar da shi, tare da wata 'yar mishan mai aikin jinya wadda kowa ke kira Masor. Ta ce wa Kwamanda ƙafar ta fara wari, in bai kwana a hannun likitan tiyata ba, ba ta ɗauke masa alkawarin gobe. Akwai kuma Alhaji Mamman, maƙwabcin shagon mahaifina, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando. Ya zauna a kujerar da ke bayana. Jirgin ba shi da ƙofa tsakanin matuƙa da fasinja, saboda haka tun da muka tashi yake taɓa kafaɗata yana tambayata aikin kowane agogo.

Saura kamar minti ashirin da biyar mu iso Bangui na kira hasumiya, wato masu ba jirage izinin sauka. Shiru. Na sake kira, shiru. A kira na huɗu wata murya ta amsa da Faransanci. Ba ta ambaci lambar jirginmu ba, ba ta faɗi iska ko titin da za mu sauka ba, yadda aka saba. Cewa kawai ta yi: jirgin da ke magana, kada ka zo, fili a rufe yake. Na nemi ƙarin bayani, ba a amsa ba.

Ina cikin duba taswira don juyawa Lobaye sai wata murya dabam ta shigo a kan layin nan ɗaya, mai kauri, tana haki kamar wanda ya hau bene a guje. Ta ce mu zo mu sauka, titi a buɗe yake, ba komai. Na tambaya da wa nake magana. Ta ce da hasumiya mana. Bayan ɗan lokaci ta farkon ta dawo ta ce an gaya mana kada mu zo. Daga nan duka biyun suka ɗauke.

A makaranta an koya mini abin da ake yi in hasumiya ta yi shiru, an koya mini abin da ake yi in ta ce a'a. Ba wanda ya koya mini abin da ake yi in hasumiya ta zama biyu. Na dubi Kwamanda. Ya ce ma'aikatan hasumiyar nan duka ya san su, ya san muryar kowa, har da wanda ke in'ina in ya gaji, kuma cikin waɗannan biyun ba ko ɗaya.

Na ce to tun da haka ne, ƙa'ida a fili take: in akwai shakka, a tafi madadi. Na nuna masa lissafin mai. Muna da kamar minti goma mu yanke shawara. In muka wuce haka, man ba zai kai mu Lobaye da abin tsaro ba. Ya waiga ya dubi mai ƙafar, ya juyo. Ya ce shi bai yarda da muryar da ta ce mu zo ba, bai kuma yarda da wadda ta ce kada mu zo ba, saboda haka zai je ya tambayi wanda ba ya yi masa ƙarya. Na ce wa ke nan? Ya ce mutanen unguwarku. In kasuwar Kilomita Biyar tana ci, ba a harbi kusa da filin jirgi, domin duk Bangui ba mai rufe shago da sauri kamar 'yan kasuwar nan, suna jin labari tun kafin harsashi ya fito daga bindiga.

Akwai wata magana da aka koya mana mu faɗa a irin wannan hali, domin kada mataimaki ya yi shiru don jin nauyi. Ban taɓa zaton zan faɗe ta ba. Bakina ya bushe, amma na ce, "Kwamanda, ban yarda da wannan shawara ba. Ina ganin mu juya."

Ya ce, "Na ji ka, molenge. Rubuta lokacin da ka faɗa."

Na rubuta. Minti goman suka wuce ina kallon allurar mai.

Ya kauce wa bakin kogi, inda aka ce masu bore suka fi ƙarfi, ya shigo ta yamma, ya sauko ƙasa ƙasa har ina gane rufin gidaje. Ya karkata jirgin ta gefena ya ce in duba in gaya masa, tun da ni ɗan gida ne. Ga Titin Koudoukou a miƙe, ga kasuwa, ga hasumiyar masallaci, har layin shagonmu na gani. Mutane sun cika titi. Amma da yawansu suna tafiya ne da sauri, duk fuska ɗaya, kuma shaguna da dama ƙofarsu rabi a rufe. Na ce masa ina ganin gudu ake yi. Ya leƙa ta kafaɗata ya ce masu tallan kan titi ba su kwashe kayansu ba, wanda ke gudu ba ya barin tire. Sai Alhaji Mamman, wanda ya manna goshinsa a taga, ya taɓa ni ya ce da Hausa, "Ɗan Alhaji, dubi agogonka mana. La'asar ce, masallaci za su."

Na dubi agogo, lokacin la'asar ne kuwa. Amma na yi shekara ashirin da 'yan kai ina sallar la'asar a unguwar nan, ban tuna ana tafiya da irin wannan saurin ba. Ko kuwa daga sama haka tafiyar mutane take, ban sani ba, ban taɓa kallon unguwarmu daga wannan tsayin ba. Na fassara wa Kwamanda abin da Alhaji ya ce. Ya gyaɗa kai ya miƙe jirgin zuwa titin sauka.

Daga nan idonsa bai ƙara dawowa cikin jirgi ba. Yana duba gefen titi ko akwai kamiyo, wato babbar motar soja, ko an jera ganguna, ko akwai hayaƙi. Ni kuma, don ban san abin da zan yi da tsorona ba, na ɗauko cek-lis na shiga karantawa da ƙarfi, ina tambaya ina ba kaina amsa. Ya sauke mariƙin da ke fito da tayoyi, muka ji ƙarar fitarsu. Na iso layin da ke cewa tayoyi a sauke, a kulle, fitila uku kore. Jirgin yana da ƙafa uku, biyu a fukafukai ɗaya a hanci, kowace da fitilarta. In fitila ta kama, ƙafar ta kulle. In ba ta kulle ba, tana iya naɗewa da an taɓa ƙasa, hanci ya daki kwalta, farfela ta bi.

Fitila biyu ne suka kama. Ta hanci ba ta kama ba.

Na gaya masa. Ko kallo bai yi ba, ya ce ƙwan fitilar ne, ya daɗe yana wasa, shi ya ji dukan kullewar a tafin ƙafarsa. Irin wannan fitila in ka danna ta tana gwada kanta: in ƙwan ya mutu ba za ta yi haske ba. Na danna. Ta yi haske kore shar. Na saki, ta mutu. Wato ƙwan lafiyarsa lau.

Na ce, "Kwamanda, ƙwan yana da rai. Mu tashi."

Ya ci gaba da sauka. Titi yana ta girma a gabanmu. Na sake faɗa. Hannunsa na dama yana kan totur, sandunan nan biyu da ke ba injuna wuta, ya ja su baya don sauka. Ban san lokacin da na ɗora hannuna na hagu a kan nasa na tura gaba har ƙarshe ba. Injuna suka yi ruri. Na ji hannunsa ya yi tauri a ƙarƙashin nawa na ɗan lokaci, kamar zai ja baya. Da ya ja, da mun faɗi a tsakiya, ba mu sauka ba ba mu tashi ba. Sai ya saki, ya ɗaga hancin jirgin, muka wuce a kan titi muka hau.

Bayanmu wata mata ta fara kuka, Masor tana addu'a, Alhaji Mamman yana ta maimaita innalillahi. Kwamanda bai dube ni ba. Ya ce in buɗe shafin saukar da taya da hannu in karanta, yeke yeke, wato sannu sannu. Wannan ne karo na farko da ya taɓa cewa in karanta masa wani abu. Akwai famfon hannu tsakanin kujerunmu. Na yi ta bugawa, gumi yana shiga idona, shi kuma yana zagaye da mu a kan arewacin fili, allurar mai tana kwanciya. A wani wuri cikin zagayen na ji wani ƙas a bayan jirgi, kamar an jefi kwano da tsakuwa. Na ci gaba da buga famfo. Can sai fitila ta uku ta kama.

Ya sauke jirgin a hankali har ban san lokacin da tayoyi suka taɓa ba. Ba wanda ya harbe mu a ƙasa. Wasu sojoji suka zo da mota suka kewaye mu, suka tambayi wa ya ba mu izinin sauka. Muka ce hasumiya. Suka ce ai tun azahar aka sauko da ma'aikatan hasumiya. Da muka ba su labarin muryoyin biyu, suka dubi juna, babu wanda ya san ko su wane ne. Su ne dai suka ɗauki mai ƙafar da Masor zuwa asibiti. Daga baya na ji an yanke ƙafar daga gwiwa, amma ya rayu.

Da muka zagaya jirgin muka ga huda a wutsiya, harsashi ya shiga ta nan ya fita ta can. Ni na ce a zagayen da muka yi ne, zagayen da ni na jawo, domin na ji ƙarar. Alhaji Mamman ya rantse shi tun muna kan unguwa ya ji ta, lokacin da Kwamanda ya sauko ƙasa ƙasa. Da na isa gida na tambayi mahaifina ko gudu ake yi da la'asar. Ya ce an ji harbi ta wajen unguwar Miskine, wasu suka rufe shago, amma shi salla ya tafi, kuma da sauri ya tafi don an riga an tayar.

Washegari kanikawa biyu suka ɗaga jirgin suka duba ƙafar hanci. Babban ya ce jan ƙasa ce ta toshe ɗan makunnin da ke kunna fitila, ƙafar a kulle take tun farko, da mun sauka da ba abin da zai faru. Na biyun ya ce a'a, ƙarfen kullewar ya bushe ba maiko, yana tsayawa rabi, famfon da na buga ne ya ƙarasa shi. Sun wanke, sun sa maiko, sun sake makunni, duk a rana ɗaya, saboda haka ba a ƙara sanin wanne ne ba. Filin Lobaye ma labari biyu na ji. Wani direban katako ya ce ranar an jera ganguna a kansa don kada kowa ya sauka. Wani matuƙi ya ce shi ya sauka a wurin da safiyar ranar, bai ga ganga ko ɗaya ba.

Shugaban matuƙa ya ce kowannenmu ya rubuta rahoto. Na rubuta shafi huɗu, da lokaci da komai, ina jiran kora, domin mataimaki mai awa ɗari biyu ba ya taɓa totur a hannun kwamanda. Ya kira ni ofis ya yi mini faɗa sosai a kan hakan, ya ce hannu biyu a kan totur ya fi ƙafa marar kulle hatsari. Sannan ya ce na yi daidai da na ƙi sauka da fitila biyu. Na tambaye shi to yaya zan yi in ya sake faruwa. Ya ce Allah ya sa kada ya sake. Ya nuna mini rahoton Kwamanda Alfons, layi uku ne. Na ƙarshen ya ce mataimaki ya yi aikinsa.

Kwamanda ya yi mako guda ba ya ce mini komai in ba na aiki ba. Bayan haka na ga an ci gaba da haɗa mu, aka ce shi ya roƙa. Mun yi shekara huɗu tare. Bai fara son cek-lis ba, amma in mun doshi sauka yakan ce, karanta mana, malam. Ni kuma na koyi duba launin rafi, da sauraron inji, da gane muryar mutum a rediyo.

Sai da ya yi ritaya, na je gaishe shi a gidansa, sannan na iya tambayarsa ko da gaske ya ji kullewar ƙafar ranar.  Ya ce, "Na ji ta, Hamisu. Sau dubbai na ji dukan nan, na san shi. Amma ranar ina so ƙwarai in ji shi. Tun daga lokacin nake tambayar kaina wanne ne."

Ku da kuke shigowa aikin yanzu kuna yawan gardama a kan ko awa ta fi ko makaranta. Abin da na iya fitarwa daga wannan rana kaɗan ne. Da ni kaɗai ne a jirgin, da na kai mai ƙafar nan kurmi, wataƙila ya mutu a can, wataƙila ma mu tarar da ganguna. Da shi kaɗai ne, da ya sauka da fitila biyu, wataƙila lafiya lau, wataƙila a kan hanci. Makaranta ba ta koya mini kallon kasuwa ba, amma ita ta sa mini kalmomin da na iya faɗa wa wanda ya girme ni lokacin da bakina ya bushe, abin da tarbiyyar gidanmu ba za ta taɓa bari in yi ba.

Daga baya na koma kujerar hagu, na tara awoyin da suka kusa nasa. Ban taɓa jin tsoron sabon mataimaki mai yawan karatu ba. Wanda nake tsoro shi ne mai ladabin da in na ce masa ƙwan fitila ne, zai ce to, Kwamanda. Duk wanda aka haɗa ni da shi, tun ranar farko nakan nuna masa fitilun nan uku in ce, in ka ga biyu, kada ka tambaye ni abin da na ji a ƙafata. Danna ka gani da idonka.